Yadda Fataken Gwanja Suke Tsare Kansu a Hanya

Uwargida, wannan goron da kike rabawa ranar suna ko ranar ɗaurin aure, a zamanin kakanninmu a kan jaki da kan mutum yake zuwa, daga can ƙasar Gwanja da ke arewacin Ghana ta yau. Fatake sukan tashi daga Kano da rani, ɗauke da baƙaƙen tufafi na rini da kanwa da fatu da gabu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har su sauka kasuwar Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. To, yaya mutum zai ratsa wannan daji da dukiya ya dawo gida da ransa?

Ba wanda yake fita shi kaɗai. Sai an taru an yi ayari, kuma ayarin ba ƙarami ba. Wani Bature matafiyi mai suna Kilafatan ya gamu da ayarin Hausawa a garin Kayama na ƙasar Bargu a 1826, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta sun haura mutum 1,000, maza da mata, ga dabbobi kimanin yawansu. Kin ji har da mata. Wasunsu matan fatake ne masu girki da ɗan cinikinsu a hanya, da yawa kuwa bayi ne da ake ɗora wa huhun goro a ka, wannan kam ba abin ɓoyewa ba ne.

Kowane ayari da madugunsa. Madugu ba don kuɗinsa kaɗai ake binsa ba, sai don ya sha bin hanyar, ya san rafin da yake ƙafewa da wanda ba ya ƙafewa, ya san sarkin da yake cika alkawari da wanda yake haɗa baki da 'yan fashi. Akwai jagaba mai shiga gaba yana duba hanya, da uban dawaki mai tara kuɗin da za a biya a mashigai, da malamin ayari mai rubutu da addu'a. In ayari zai ratsa ƙasar wani sarki, madugu ne zai je ya yi gaisuwa, a yi ciniki a kan kuɗin fito, kowane falke ya ba da nasa gwargwadon kayansa. Fatake suna ƙorafin wannan kuɗi ƙwarai, amma suna biya, domin sarkin da ya karɓi fito kunya ce gare shi a taɓa baƙonsa a cikin ƙasarsa. Bargu dai ta yi ƙaurin suna wajen fashi, kuma abin da maharan suka fi so shi ne wanda gajiya ko ciwon ƙafa ya sa ya rage a baya. Shi ya sa fatake suke riƙe da baka da mashi da takobi, kuma ake matsa wa kowa ya bi sahu.

Ba a tafiyar dare. Da rana ta yi, an isa zango, sananne wanda madugu ya riga ya sani, a sauke kaya a tsakiya, a ɗaure dabbobi, a sa masu gadi. Waɗannan zangunan ne wasu suka zama unguwanni, har yau a Kumasi da Akara unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi sunanta zango.

Abin da ya fi burge ni shi ne sha'anin masauki. Falke ba ya shiga Salaga ya kwana inda ya ga dama. Yana da maigidansa, wanda a Kano ake ce wa fatoma, shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashinsa. In fatoma ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Kano, baɗi gidansa wayam.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta Ikko, tafiyar jaki ta yi ta ja da baya.

Yau, uwargida, in za ki biki Zariya ko za ki duba mai jego a Abuja, kusan tasha ce ta gaji aikin madugu. Motar bakin titi ta fi araha, amma ba wanda ya san direbanta, kuma da irinta ake yi wa fasinja fashi a cikin mota. A tasha kuwa 'yan kamasho sun san shi, sun san lambar motarsa, a tashoshi da yawa ma akan rubuta sunan fasinja da lambar wayar wani nasa kafin a tashi. Ki sa maigida ko yaron da ya rako ki ya riƙe lambar motar, ki sanar da masu masaukinki lokacin da kuka tashi don su turo mai tarbarki, kuma ki yi sammako yadda za ki sauka kafin magariba.