Kotun Magoya Baya: Tarihin Hisabin Bayan Shan Kaye a Jihar Alabama

Jihar Alabama da ke kudancin Amurka ba ta da ƙungiya ko ɗaya a gasar ƙwararru ta NFL. Don haka duk son da mutanenta ke yi wa ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, ya tattaru a kan ƙungiyoyin ɗalibai biyu: ta Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa da ta Jami'ar Auburn. Sau ɗaya suke karawa a shekara, a ƙarshen kakar wasa, a karawar da ake kira Iron Bowl. Wanda aka doke sai ya shekara yana shan gori daga maƙwabci da abokin aiki, wani lokaci har daga suruki. Wannan ne ya sa zaman yi wa ƙungiya hisabi bayan faɗuwa ya zama al'ada mai nauyi a jihar, har ta kai ga cin kujerun masu horarwa.

Gabar ta daɗe. Karawar farko an yi ta ne a Birmingham a watan Fabrairun 1893, Auburn ta yi nasara da ci 32 da 22. Bayan wasan 1907 sai saɓani ya shiga tsakani kan kuɗin guzurin 'yan wasa da kuma inda za a ɗauko alƙalan wasa, jami'o'in biyu suka daina haɗuwa har shekara arba'in. Sai da majalisar dokokin jihar ta sa baki kafin a dawo a 1948. Shugabannin ɗaliban ɓangarorin biyu suka binne gatari a wani lambu a Birmingham alamar sulhu, sannan Alabama ta lallasa Auburn da ci 55 da nema.

A zamanin Paul Bryant, wanda ya horar da Alabama daga 1958 zuwa 1982 ya kuma ci kofin ƙasa sau shida, koci ne ke da bakin magana. Duk ranar Lahadi yakan bayyana a talabijin, lemon Coca-Cola da soyayyen dankali na masu tallafa wa shirin a gabansa, ana nuna hotunan wasan jiya yana bayani da muryarsa mai kauri. Jama'a suna saurare ne kawai. Ƙorafin mai goyon baya bai wuce shagon aski da farfajiyar coci da wasiƙa zuwa ga editan jarida ba.

Bayan rasuwar Bryant a Janairun 1983 ne abubuwa suka canza. Bill Curry, kocin da Alabama ta ɗauko daga Georgia Tech a 1987, ya ɗanɗana kuɗarsa. Da Alabama ta sha kashi a hannun ƙungiyar Ole Miss a gida a 1988, wani ya jefa bulo ta tagar ofishinsa. A 1989 ya ci wasa goma, ƙungiyarsa tana cikin zakarun yankin, amma laifi guda ya shafe wannan duka: sau uku ya haɗu da Auburn, sau uku aka doke shi. Na ƙarshen ya fi ciwo, domin shi ne karon farko da aka buga wasan a garin Auburn. Curry ya tattara nasa ya nasa ya koma Jami'ar Kentucky.

A wannan tsakanin ne rediyo ya miƙa wa talaka makirfo. Paul Finebaum, ɗan jaridar da ya zo Birmingham a 1980, ya buɗe shirin da masu sauraro ke bugo waya, shirin kuwa ya zama kamar teburin mai shayi washegarin babban wasa, sai dai jiha guda ce ke zaune a kan bencin. Direban tirela da tsohuwa mai fansho da lauya duk layi ɗaya suke bi. Wannan ya ce masu tsaron baya sun yi sanyi, wancan ya ce koci ya rasa dabara, wani kuma ya nemi a kore shi kafin gari ya waye. Shugabannin jami'a da attajiran da ke zuba kuɗi a ƙungiya suna jin wannan duka.

Sakamakon a fili yake. An sallami koci Mike Shula daga Alabama a 2006 bayan Auburn ta doke shi sau huɗu a jere. Koci Gene Chizik ya ci wa Auburn kofin ƙasa na kakar 2010, amma shekara biyu bayan haka, da Alabama ta yi masa 49 da nema, aka nuna masa ƙofa.

Mafi munin abin da al'adar ta haifar ya faru ne bayan wasan 2010. Alabama tana gaba da ci 24 da nema a gidanta, ɗan wasa Cam Newton ya jagoranci Auburn ta farke ta kuma ci 28 da 27. A kusurwar Toomer da ke garin Auburn akwai wasu tsofaffin bishiyoyi biyu da ɗalibai ke lulluɓewa da farin tishu duk ranar nasara. A Janairun 2011 wani mutum ya bugo wa Finebaum waya ya faɗa a bainar jama'a cewa ya zuba musu maganin kashe tsirrai mai suna Spike 80DF. Gwajin ƙasar wurin ya tabbatar da maganarsa. Sunansa Harvey Updyke, tsohon ɗan sandan jihar Texas. Ya amsa laifinsa a 2013, ya yi zaman gidan yari, kotu ta umarce shi da biyan diyyar kusan dala 800,000. A Afrilun 2013 aka sare bishiyoyin. Abin da ya ɗan wanke wa Alabama fuska shi ne yadda wasu magoya bayanta suka tara dubban daloli don a yi ƙoƙarin ceto bishiyoyin abokan hamayyarsu.

'Yan wasan ma ba su tsira ba, alhali ɗalibai ne matasa. A 2013, bayan Chris Davis na Auburn ya cafe ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe ya ratsa filin gaba ɗaya ya ci wasan 34 da 28, fushin ya sauka a kan Cade Foster na Alabama, wanda ya ɓarar da bugu uku a ranar. An yi masa barazanar kisa a intanet. Abokan wasansa suka tsaya masa, tsohon shugaban ƙasa George W. Bush ma ya aika masa da wasiƙar ƙarfafa gwiwa da ya rubuta da hannunsa.

Tarihi ya nuna cewa hukuncin daren faɗuwa yakan zo da gaggawa. A 2007, shekarar Nick Saban ta farko a matsayin kocin Alabama, ƙaramar jami'ar Louisiana-Monroe ta doke Alabama 21 da 14 a Tuscaloosa, gari ya ɗauki zafi. Saban ɗin nan ne ya ci wa jami'ar kofin ƙasa shida kafin ya yi ritaya a Janairun 2024. Magajinsa Kalen DeBoer ya doke Georgia a ƙarshen Satumban 2024, ƙungiyarsa ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar, mako guda bayan haka kuma Vanderbilt ta kayar da shi 40 da 35. Kafin wannan ranar, rabon Vanderbilt da doke Alabama tun 1984, kuma a Litinin ɗin da ta biyo baya masu bugo waya sun riga sun fara tambayar ko shi ne ya dace da kujerar.