Daga Maharbi Zuwa Ɗan Jagora: Yadda Nuna Tsuntsaye Ya Zama Sana'a, Ya Tsallake Kwarin Rima

A ƙarshen shekarar 1885 wasu Jamusawa biyu, Paul Staudinger da Ernst Hartert, suka iso ƙasar Sakkwato ɗauke da tsarabar sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, wanda ya fi zama a Wurno. Hartert saurayi ne ɗan shekara 26, hankalinsa kuwa duk yana kan tsuntsaye. A 1892 ya zama mai kula da gidan adana halittu na Lord Rothschild a garin Tring na Ingila. Da wani Bature, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano a 1920 ya nufi Damargu da Azbin yana tara fatun tsuntsaye, hannun Hartert ɗin nan suka faɗa, shi ya raɗa wa sababbin cikinsu sunayen Latin.

Baƙo ko da ido makaho ne. Waɗannan matafiya ba su san inda tuje ke kiwo ba, ba su san tafkin da ɗinya ke sauka da asuba ba. Maharba da masunta ne suka sani. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana tafiya irin ta tsuntsun har barewa ta sake da shi, ya karanci dawa fiye da duk wani littafi na zamaninsa. Masunci ya san watan da kirinjijiya ke cika fadama, manomi ya san in shamuwa ta dawo kan kuka damina ta ƙarato. Waɗannan su ne 'yan jagora na farko, sai dai ladansu na gawa ne: a harbo, a feɗe, a cusa auduga, a ɗaura takarda a ƙafa. Takardar na ɗauke da sunan wuri da kwanan wata da sunan Bature. Da wuya ka ga sunan wanda ya nuna hanya.

Sannu a hankali madubin hangen nesa ya maye gurbin bindiga. A 1930 aka kafa Nigerian Field Society, a 1964 kuma ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya, wadda John Elgood na Ibadan da Robert Sharland na Kano da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello suke cikin jigoginta. A mujallarta ne Peter Mundy da A. W. Cook suka fara buga jerin tsuntsayen Sakkwato a 1972. Galibin mutanen nan malaman makaranta ne da ma'aikata masu fita ran hutu don sha'awa, ba wanda ke cin abinci da abin.

Sana'ar ta kafu ne a inda aka shata iyaka, aka sa ƙofa, aka yanka tikiti. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, ma'aikatan gandu suka riƙa shiga mota da baƙi suna nuna musu giwa da ɓauna da gwanki. A 1987 aka soma shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, aka shiga ƙirga tsuntsayen ruwa da hunturu, har Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona da ke cikin fadamun a 1989. A nan ɗan ƙauye da ya san kukan kowane tsuntsu ya gane cewa saninsa kuɗi ne, muddin tsuntsun na raye. A Nijar ma, 'yan jagoran Kure masu kai baƙi kallon raƙuman dawa sun kafa ƙungiyarsu. Sai a farkon shekarun 2000 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI ta buɗe a dajin Amurum kusa da Jos, tana yaye 'yan Afirka masu digiri na biyu a fannin. Daga can ne shirin taswirar tsuntsayen Najeriya ya taso a 2015, da tawagar Arewa Atlas Team, matasa masu rubuta abin da suka gani a waya, fili bayan fili, kowanne kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi.

To, ina garuruwan kwarin Rima, Kagara da Goronyo da Rabah da Wurno, a wannan labari? Ruwa dai akwai. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984 aka ƙaddamar a 1992, an gina ta don ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900 a kan Gulbin Rima. Inda ruwa ya kwana da rani kuwa, zalɓe da balbela da jinjimi ba sa jiran gayyata, haka baƙin agwagwa masu gudun sanyin Turai su ƙetaro hamada. Amma don noman rani aka yi madatsar, kuma tsuntsun da manomin shinkafa ya fi sani shi ne janbaki, wanda ke sa yara wuni a gona suna ihu da kaɗa gwangwani, gwamnati na hayar jirgin feshi. Mutumin da janbaki ya cinye wa gona, ka ce masa wani zai biya kuɗi don ya kalli tsuntsu, ai sai ya ɗauka ba'a kake. Mutanen Kagara ma abin da suka fi tunawa da ruwan nan shi ne ambaliyar Satumbar 2010 da ta raba su da gidajensu. Daga baya 'yan bindiga suka rufe sauran hanyar. Harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 kaɗai ya isa ya hana kowane baƙo tunanin zuwa da madubi a wuya.

A ganina jiran 'yan yawon buɗe ido ɓata lokaci ne a yanzu. Abin da ke shirin salwanta shi ne sanin da ke kan tsofaffin maharba da masunta, waɗanda 'ya'yansu suka koma acaba da ci-rani. Wannan aiki bai buƙatar ƙofa ko tikiti. Ɗaliban nazarin halittu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, musamman 'yan asalin waɗannan garuruwa, ku zauna da Sarkin Baka da Sarkin Ruwa na garinku, ku ɗauki sunan kowane tsuntsu da Sakkwatanci da lokacin zuwansa da inda yake ƙwai, ku biya su ladan zamansu, ku rubuta sunayensu a aikin.