Ƙaramar Hukuma da Ambaliyar Ruwa a Kwarin Haɗeja: Waiwaye Cikin Tarihi

1.0 Gabatarwa

A duk shekarar da damina ta yi ƙarfi, daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, kusan labari ɗaya ne ke fitowa daga garuruwan da ke bakin Kogin Haɗeja: ruwa ya ci gonaki, gidajen ƙasa sun zube, jama'a sun tare a makarantun firamare, shugabannin ƙananan hukumomi kuma sun kai kuka ga gwamnatin jiha. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa hukumar da ta fi kowace kusa da talaka ba ta da abin yi game da ambaliya in ban da rabon tabarmi da buhunan hatsi bayan ɓarna ta riga ta auku?

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ikon tsara fadama da tunkarar ambaliya ya yi ta sauya hannu a wannan yanki, tun daga zamanin sarakuna har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na shekarar 2024. Za a nuna cewa abubuwa uku da dokar ambaliya ke tsayuwa a kansu, wato ruwa da ƙasa da kuɗi, an zare su ne ɗaya bayan ɗaya daga hannun hukumar da ke ƙasa, aka bar ta da nauyi ba tare da iko ba.

2.0 Kwarin Haɗeja da Yanayinsa

Kogin Kano da Kogin Calawa su ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ya bi ta Ringim ya gangara Haɗeja, inda ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya rarrabu cikin rassa da dama a tsakanin jigayin yashi. Ɗaya daga cikin rassan, wato Marma, shi ne ke zuba a tafkin Nguru. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasar Katagum, sa'an nan ruwan biyu suka haɗu a wajejen Gashuwa suka zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi.

Ga mazauna wannan wuri, malalar kogi a kan fadama kowace shekara arziki ce. Da ita ake noman shinkafa, ita ke cika tafkuna da kifi, ita ke barin damshin da ake shuka wake da kayan lambu in ruwa ya janye, ita ce kuma ke tsirar da ciyawar da makiyaya ke dogara da ita da rani. Saboda haka harshen ya bambanta cikar kogi, wadda ake jira, da ambaliya, wadda ake tsoro. Haka kuma ya bambanta fadama da tudu, kuma a kan wannan bambanci ne tsohuwar ƙa'idar zama ta ginu: a yi gari a tudu, a yi gona a fadama.

3.0 Tsarin Gargajiya

Kafin zuwan Turawa, rabon fadama yana hannun dagatai da masu unguwanni, ko bulamai a ƙasar Bade da Barno, a ƙarƙashin hakimai da sarki. Sarkin Ruwa shi ke lura da fito da mashigai, shi ne kuma ke sa ranar da za a buɗe tafki a yi su, don kada a kwashe kifi tun bai girma ba. Akwai burtali da aka keɓe wa dabbobi zuwa mashaya, wanda ba a yarda manomi ya shuka shi ba. Idan kuwa kogi ya fara barazana ga gari, sai dagaci ya sa a yi shela, majiya ƙarfi su fito gayya a ɗaga jinga.

Wannan tsari yana da madogara a shari'a. Fiƙihun Malikiyya ya san hurumin kogi da na rijiya, wato filin da ke kewaye da su wanda ba a mallaka wa mutum ɗaya. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hanyoyin mallakar ƙasa da keɓe ta don amfanin jama'a a littafinsa Ta'alimur Radi. Ba a cewa tsarin ba shi da aibi, domin mai rabon ƙasa yana iya fifita nasa, kuma gaisuwa tana iya karkatar da hukunci. Amma yana da wata siffa guda da ta dace a lura da ita: wanda ya ba da fili a bakin kogi yana zaune a garin, idan ruwa ya zo shi ma zai kwana a tsaye.

4.0 Zamanin En'e

Turawa sun ci Kano a 1903, suka ci Haɗeja da yaƙi a 1906. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna, amma a aikace rabon gonaki ya ci gaba da zama a hannun sarakuna da dagatai. Dokar En'e ta 1933, da ta Jihar Arewa ta 1954 wadda ta gaje ta, sun ba En'e ikon kafa ƙa'idoji a kan al'amura da yawa, ciki har da hana gurɓata ruwa da hana toshe rafi ko magudana. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962 ita ma ta bar kula da filayen talakawa a hannun En'e.

Abin lura shi ne En'e tana da abin da za ta tilasta doka da shi. Tana da baitulmali da ke tara haraji da jangali, tana da 'yan doka, tana da kotunan alƙalai da gidan yari, tana kuma da duba-gari masu zagaya unguwanni. Ƙa'idar da aka kafa a fada takan isa ƙauye da Hausa, ta bakin hakimi da dagaci da mai shela a ranar kasuwa. Gaskiya ne cewa damuwar Turawa game da ruwa ta fi karkata ga sauro da tsabtar unguwanninsu, kamar yadda Dokar Birane ta 1917 ta nuna, kuma gaskiya ne cewa aikin tilas da zaluncin wasu ma'aikatan En'e sun bar tabo a zukatan talakawa. Duk da haka, har zuwa ƙarshen wannan zamani, ruwan da ƙasar da kuɗin suna wuri ɗaya.

5.0 Yadda Iko Ya Suɓuce

Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu fasali ɗaya a duk ƙasa, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Daga nan sauran ikon ya bi.

Na farko, ruwa. Fari mai tsanani na farkon shekarun 1970 ya ƙarfafa ra'ayin tare ruwa don noman rani. Gwamnatin Audu Baƙo ta Jihar Kano ta gina madatsar Bagauda, sa'an nan ta Tiga wadda aka kammala a 1974. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna goma sha ɗaya, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya madatsar Tiga ta koma hannunta. An kammala madatsar Calawa a 1992. Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993 kuwa ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Ke nan ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saka, jami'an tarayya ne ke yanke su, a nesa da Auyo da Guri da Kirikasamma.

Na biyu, ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha ga gwamna. Ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har eka-eka masu yawa, wato hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, amma gwamna ne ke ayyana inda birni ya tsaya, kuma duk filin da ya shiga birni ya fita daga hannunta. Ita dokar ba ta ambaci dagaci ba, alhali kuwa shi ne ya ci gaba da raba fili a ƙauye. Sai aka wayi gari mai iko a takarda ba ya rabo, mai rabo kuma ba shi da iko a takarda. Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 ta yi nufin kafa hukumar tsara gine-gine a kowace ƙaramar hukuma, amma a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne.

Na uku, kuɗi. An soke haraji da jangali a Jihar Kano a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, abin da talakawa suka yi murna da shi, sai dai ya bar ƙananan hukumomi suna jiran kason tarayya. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa gina magudanai da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, amma sashe na 162 ya bi da kasonta ta asusun haɗin gwiwa da jiha, inda gwamnoni suka daɗe suna riƙe da linzami.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Madatsun ruwa da shekarun fari sun rage malalar kogi ƙwarai. Fadamar da ruwa ke rufewa ta haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, amma a shekarun 1980 ta koma ƙasa da rabin haka. Da mutane suka ga shekaru sun wuce ruwa bai kai inda ya saba kaiwa ba, ga jama'a na ƙaruwa, sai gine-gine suka fara gangarowa daga tudu, a birane kuma aka shiga cike kududdufai ana yanka filaye. Babu hukumar da ta ja layi ta ce daga nan ba a gini.

Har ila yau, sakin ruwa da rani ya sa rassan kogin da suka saba bushewa suka daina bushewa. Wannan ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen janbaki masu cinye hatsi. Sakamakon haka ruwa ya karkata zuwa Marma yana cin gonaki da hanyoyi a wajejen Nguru, yayin da wasu garuruwan da ke ƙasa suke kukan ƙarancinsa. Share hanyar ruwa da ta ratsa ƙananan hukumomi da yawa da jihohi biyu ya fi ƙarfin gayyar ƙauye ɗaya.

A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta fashe bayan ruwan sama mai yawa. A Agustan 2001 ruwan da ya kwararo daga Tiga da Calawa ya yi mummunar ɓarna a Wudil da garuruwan Jigawa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasa, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994.

Martanin gwamnati ya fi ƙarfi ta fuskar agaji. An kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa a 1976, aka maye gurbinta da NEMA a 1999, jihohi suka kafa nasu, tsarin ƙasa na 2010 kuma ya tanadi irinta a kowace ƙaramar hukuma. Tun 2013 hukumar kula da al'amuran ruwa ta NIHSA take fitar da hasashen ambaliya na shekara, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari da sunayensu. Sai dai hasashen da dokokin jihohi da Ingilishi ake rubuta su, cikin kalmomin injiniyoyi. Manomin da ke bakin kogi, wanda kakansa ya ji dokar En'e da harshensa a bakin kasuwa, yakan ji gargaɗin ne a taƙaice a rediyo, ba tare da an gaya masa wane tudu zai nufa ba, ko wa zai tsare masa dabbobinsa.

7.0 Kammalawa

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Idan aka aiwatar da hukuncin yadda ya kamata, ɗaya daga cikin abubuwa ukun da aka zare ya dawo ke nan. Sauran biyun suna buƙatar gyaran doka: a wajabta wa masu kula da madatsu sanar da ƙananan hukumomin da ke ƙasa kafin sakin ruwa, cikin wa'adi sananne, a kuma ba majalisar ƙaramar hukuma ikon shata iyakar gini a fadama, tare da dagatai da sarakunan ruwa waɗanda suka san inda ruwa ya tsaya a kowace babbar shekara.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana harshe. Dokar da ba a fahimta ba, ba a bin ta. Kalmomi irin su hurumi da jinga da burtali da gayya suna ɗauke da ƙa'idojin da jama'a suka riga suka yarda da su, kuma akwai takwarorinsu a Badanci da Barbarci da Fulatanci, kamar yadda akwai a harsunan mazauna bakin Kwara da Binuwai. Tattara waɗannan kalmomi, da rubuta dokokin ƙananan hukumomi da gargaɗin ambaliya da su, aiki ne da sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'i za su iya somawa tun kafin damina mai zuwa.