Daga Adaka Zuwa Akwatin Gilashi

Mu da muke aikin kula da tsofaffin tufafi mun san cewa a Damargu sana'ar nan ta girmi gidan tarihi nesa ba kusa ba. Tanut tana kan tsohuwar hanyar ayarin da ke haɗa Agadas da Damagaram da Kano. Ta nan matafiyi Heinrich Barth ya ratsa a watan Janairun 1851, kuma ta nan turkuɗi da rawani ɗan Kura suke haurawa arewa wajen Abzinawa. Kaya ne masu tsada, shi ya sa gidan da ya mallake su ya koyi tattalinsu.

Matan gida ne masu wannan ilimi. Su naɗe riga, su lulluɓe ta da tsohon zane, su sa a adaka, su ɗora adakar bisa duwatsu don kada gara ta kai gare ta. Idan damina ta wuce a fito da kaya su sha iska a inuwa. Turkuɗi kuwa ba a kai shi ga ruwa, domin ƙyallinsa shuni ne da masu bugu suka daka a kan zaren, wanki ɗaya ya tafi da shi. Baje koli sai ranar Sallah, a jikin mai kaya, kamar yadda ake gani har gobe a hawan fadar Sarkin Damagaram da ke Birni. Rigar da ke ganin rana sau biyu a shekara takan kai ga jika.

Da aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, sai tufa ta koma abin kallo kullum. Haka ma a Gidan Makama na Kano. An samu riba, don ɗan talaka ya ga alkyabba da lifidi kusa da kusa. Amma hasarar ita ce ta fi damuna. Babbar riga mai aska takwas tana da nauyi, idan aka rataye ta shekara da shekaru kafaɗa ce ke fara yagewa. Hasken taga yana cin launi. Ƙurar hunturu ta shige tsakanin zare tana goga shi, asu kuma ya bi sakala da duk abin da aka saƙa da gashi.

Ƙa'idar da ake koya mana yau ita ce haske kada ya wuce lux 50 a ma'aunin haske, a shimfiɗa riga maimakon ratayewa, kuma a riƙa mayar da ita duhu bayan ƴan watanni a fito da wata. Kusan duk wannan tsofaffin Damargu suna yi tun da. Abin da adaka ba ta ajiye ba shi ne rubutu: wa ya saƙa, wace marina ta rina, wa ya fara sawa. Idan na shiga gida aka buɗe mini adaka, kafin in taɓa riga nakan ce, "Inna, wannan ta wa ce?" in buɗe littafina.