Yadda ƙauyukan Ingila suka riƙe talakawansu

'Yan'uwa, tun da muke ta gardama kan wanda ya cancanci taimakon asusun ƙungiya, bari mu leƙa Ingila ta dā.

A can, ƙauyuka a rabe suke yanki-yanki, kowane yanki da cocinsa da iyakarsa. A 1601, zamanin Sarauniya Elizabet ta ɗaya, doka ta ce kowane yanki ya naɗa wakilai, su karɓi lampo wajen masu gida da gona, su ciyar da tsofaffi da makafi, su sa marayu koyon sana'a. Sadaka ta koma tilas ke nan.

To, da kuɗi ya fita daga aljihun 'yan gari, sai aka shiga tambayar wane ne ɗan gari. Dokar 1662 ta ce baƙon da aka ga zai zama nauyi, a mai da shi garinsu kafin ya cika kwana 40, sai fa in yana hayar wurin fam 10 a shekara. Mu 'yan ci-rani mun san ɗacin wannan. Har mai cikin da ba ta da aure akan tsallakar da ita iyaka, kada jaririn ya faɗo cikin lissafinsu. Ƙauyuka biyu sukan yi ta shari'a kan talaka guda, kowa na cewa ba nasa ba ne.

A 1834 aka haɗe yankunan, aka gina gidajen aikin talakawa. Wanda yunwa ta kai can, a ƙofa ake raba shi da matarsa da 'ya'yansa.