Daga Bakin Gadon Asibiti Zuwa Gaban Kwamfuta

'Yan'uwana mata, abin da ya jawo wannan zance 'yar yayata ce da ke Ajingi, wadda Allah Ya nufa da karatun likita. Ta biyo ta wajena a Gaya, ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Anti, sammako zan yi, jibi muna da gwaji a kwamfuta." Na ce ikon Allah, me ya haɗa likita da kwamfuta kuma?

Ai da ba haka abin yake ba. Likitan farko daga Arewa, Dokta Barau Dikko, sai da ya je Birmingham ta Ingila ya yi karatunsa. A 1948 aka fara koyar da likitanci a jami'ar Ibadan, Zariya ta bi baya a 1967, mu kuwa a Kano sai 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A wancan zamani ɗalibi zai cika takardu da dogon rubutu, sannan a tsayar da shi bakin gadon mara lafiya, manyan likitoci su yi masa ca da tambayoyi, gumi yana keto masa. Wahalar shekara guda, kwana kaɗan ke yanke mata hukunci.

Amurka ta mayar da jarrabawar lasisin likitocinta kan kwamfuta a 1999. A nan gida hukumar JAMB ce ta buɗe ƙofa a 2013, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir. Yanzu makarantun likitanci da yawa a duniya ba sa jiran ƙarshen shekara, ana cikin karatu ake yin ƙananan gwaje-gwaje, tambaya da amsoshi huɗu ko biyar, ki zaɓi ɗaya, na'ura ta yi maki nan take, a tara makin a haɗa da na babbar jarrabawa.

Ni dai abin da ya burge ni, kwamfuta ba ta san 'yar wane ba. Ba ta kallon fuska, ba ta ce wa yarinya "ki same ni a ofis", kun dai gane. Kuma wadda ta yi rauni a wani darasi tun da wuri za ta sani, ta gyara.

Amma yarinyar nan tamu ranar JAMB ta fara zama gaban kwamfuta a rayuwarta, ta ce hannunta rawa yake yi, alhali 'yan birni har sun yi nisa. Wata biyu ta roƙa a bar ta ta koya kafin ranar, babanta ya ce ba 'yarsa a shagon maza.

Na tambaye ta ko an daina tsayar da su bakin gado. Ta yi dariya ta ce ina, wannan yana nan daram. Ta ce ranar nan wata tsohuwa aka ba ta, ta yi tambayar duniya, tsohuwa ta ja mayafi ta ce ita dai "jikin ne ba daɗi", sai da ta zauna ta kira ta Inna, ta tambayi jikoki, sannan ta faɗi inda ke mata ciwo.