Zanen NFT: Yadda ake ƙirƙirar sa da kuɗi kaɗan

NFT shaidar mallaka ce da ake rubutawa a kan bulokcen, wato kundin bayanai da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ta yadda mutum ɗaya ba zai iya goge abin da aka rubuta ba. Kowace shaida tana da lambarta, kuma tana nuni ga wani zane, hoto ko sauti.

Harkar ta fara jan hankali a 2017, lokacin da kamfanin Larva Labs ya fitar da hotuna 10,000 masu suna CryptoPunks. A watan Maris na 2021, gidan gwanjo na Christie's ya sayar da zanen Beeple, wani Ba'amurke, kan fiye da dala miliyan 69. A shekarar ce kuma gidan ya yi gwanjon ayyukan Osinachi, ɗan Najeriya mai zane da manhajar Microsoft Word.

Inda kuɗin ke tafiya

Mai zane na buƙatar lalitar kirifto irin MetaMask, da kasuwa irin OpenSea. Babban abin da ke cin kuɗi shi ne ladan rajista, wanda ake kira kuɗin gas. A bulokcen na Ethereum ladan kan hau idan cunkoso ya yi yawa, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke komawa Polygon, Solana ko Tezos, inda galibi bai kai dala ɗaya ba. Wasu kasuwannin kuma kan jinkirta rajistar har sai an sami mai saye, sannan shi ya biya.

Abin lura

Araha ta buɗe ƙofa ga 'yan damfara. A watan Janairun 2022, OpenSea ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na abubuwan da aka ƙirƙira ta tsarinta na kyauta na sata ne, ko jabu, ko tarkace.

Farashi ma ba shi da tabbas. Saƙon farko na Jack Dorsey a Twitter ya tashi kan dala miliyan 2.9 a 2021, amma da aka mayar da shi kasuwa bayan shekara guda, tayin bai kai ko da kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗi ba.

Mai saye shaida kawai ya mallaka. Haƙƙin kwafar zanen na nan hannun mai shi, sai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka. A Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2023 ta sanya kadarorin dijital cikin abubuwan da ake biyan harajin riba a kansu.